Keken Malam Birki

Babu likitan da ya ceci rayuka kamar Malam Birki. Wannan lissafin nasa ne, kuma har yau ba a ƙaryata shi ba, domin mutanen da ya ceta ba su san an cece su ba. Suna can suna harkokinsu a kan kekuna, wani da jarkokin ruwa a baya, wani da katakon da ya fi keken tsawo, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa an gode. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, bai san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Malamin tuƙi ne a wata makarantar koyon mota da ke bakin titin kasuwa: ofis ɗaya, rumfar kwano, benci, allo mai hotunan alamun hanya da rana ta cinye, sai motoci biyu. Ɗaya tana tafiya. Ɗayar tana zaune a kan bulo, ana cire mata kaya ana sa wa 'yar'uwarta. Motar koyo birki biyu gare ta, na ɗalibi da na malami. Sauran malamai ba sa taka nasu sai an ga mutuwa ido da ido. Shi kuwa ƙafarsa a kai take zaune tun daga tayar da mota har kashe ta, nan sunan ya samo asali. Ɗalibai sun ce ko abinci yake ci, ƙafar nan tana laluben abin da za ta taka. An tambayi matarsa, ta ce ita ba ta shiga maganar wurin aiki, amma dai tabarmarsu ta huje a gefe ɗaya.

Ba da koyarwa ya fara ba. Yaron mota ne tun yana ɗan saurayi, a wata babbar mota mai ɗaukar siminti: wanke gilashi, ɗaure tamfol, sa dutse a bayan taya, shan zagi. Daga nan ya zama direba, ya yi shekaru a doguwar hanya, har ranar da bayansa ya ce ya gaji, matarsa kuma ta ce ita ma. Ya sauko daga babbar mota ya shiga ƙarama, ya koma kujerar gefe. A farkon zuwansa malami ne kamar kowa: kuloci, giya, ribas, sai lasin, Allah ya kiyaye hanya.

Yayansa ne ya canza shi, ba da niyya ba. Mai gyaran famfo ne, ƙato, mai jar hula, kullum a kan baƙin keke, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya yana ƙara kamar ana wanke tukwane. Wata rana wani mutum ya tsayar da motarsa a bakin titi, ya buɗe ƙofa. Yaya ya iso daidai lokacin. Ƙofar ta lotsa, ƙashin kafaɗa ya karye, kayan aiki suka watse har tsallaken titi.

Mai motar mutumin kirki ne, abin da ya fi ba Malam Birki haushi ke nan. Da ɗan iska ne, da an zage shi an huta. Shi ya kai Yaya asibiti, ya zauna a benci yana maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya shigo: "Wallahi ban gan shi ba."

Malam Birki ya dube shi, ya ga ba ƙarya yake yi ba. Mutum kamar ƙofar gareji, da jar hula, da rana tsaka, amma ba a gan shi ba. Ya tafi gida da maganar, ya juya ta ya sake juyawa, har ya kai ga matsaya: ido abin da yake tsoro yake gani. Direba yana tsoron tirela, saboda haka ko daga bayan dutse ta ɓullo sai ya hango ta. Ba ya tsoron keke. Maganin kuwa mai sauƙi ne. A ɗora direban a kan keke, a sake shi a titi, tsoron ya shige shi ta ɗaya ɓangaren.

Da Yaya ya warke, kafaɗa ɗaya ta ɗan ɗara 'yar'uwarta tsawo, sai ya rantse shi da keke har abada, ya koma shiga bas. Malam Birki ya roƙi keken, ya kai aka miƙe masa taya, ya jingine shi a rumfar makaranta. Daga ranar doka ta fito: ba ɗalibin da zai taɓa sitiyarinsa sai ya hau keken nan ya je shatale-talen kasuwa ya dawo. Wanda bai iya ba, ko ba ya so, ya tura shi a gefen kwalta yana tafiya ta ɓangaren motoci.

Wasu shiru suke dawowa. Wasu sukan dawo suna tsine wa duk mai mota a duniya, alhali lasin suka zo nema. Sai a lokacin Malam Birki zai buɗe musu mota.

"Ka ga mai keken can?"

"Na gan shi, Malam."

"Me yake yi?"

"Tafiya."

"Ramin da ke gabansa fa? Tsallakewa zai yi kamar akuya? Kaucewa zai yi. Ina zai kauce? Gabanka. Ɗaga ƙafa daga totur."

In za a wuce mai keke, sai an bar masa wuri kamar faɗin ƙofar mota a buɗe, a ƙara masa kaɗan kyauta. In wurin bai samu ba, a bi shi a baya, ko da kuwa motocin da ke baya za su tsage da hon. Ba a danna masa hon a ƙeya, domin wanda ya firgita ba ya zaɓen inda zai faɗi. Kafin a karya kwana a duba madubi, sannan a juya wuya, tunda wuyan ma ba na aro ba ne. Ƙofa kuwa da hannun da ke nesa da ita ake buɗewa, don jiki ya juya dole, ido ya ga abin da ke tafe. Ana iya kashe masa mota a tsakiyar titi ya yi haƙuri, ana iya goge masa madubi da bango ya ce Allah ya sawwaƙe. Magana ɗaya ce ba ya ɗauka. Duk ɗalibin da bakinsa ya suɓuce ya ce bai ga wani ba, mota za ta tsaya cak.

"Ba ka gan shi ba, ko ba ka duba ba?"

Duk shekarun nan, yayin da ɗalibai ke fafutuka da keken, shi yana tsaye a bakin rumfa, hannu a baya, yana gyaɗa kai. Ba wanda ya taɓa ganinsa a kan sirdin. Ba kuma wanda ya ga dalilin tambaya.

Sai da wani mai kemis ya zo. Dakta ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ya riga ya sayi motarsa, tana gida an lulluɓe ta, yara na wasan ɓuya a bayanta. Mutum ne mai jiki, mai son fararen kaya. Ya ji dokar, ya yi gardama, ya ga ba mafita, ya tattare riga ya hau. Ya dawo yana haki, sarƙa ta yi masa zane baƙi a ƙafar wando.

"Malam, sirdin nan a karkace yake."

"Lafiyarsa lau, Dakta."

"Ni da na hau na ce a karkace yake. Hau ka ji."

"Jiya aka duba shi."

"To hau mana. Daga nan zuwa bishiyar can kawai."

"Bayana ne, Dakta. Ka san ciwon..."

"Baya? Ai keke maganin baya ne, ni zan gaya maka." Dakta ya tura masa keken. Malam Birki ya ja da baya kamar an miƙo masa jaririn wani. Dakta ya tsaya, ya dube shi, ya dubi ɗaliban da ke benci suna jiran layi. Murmushi ya fara daga gefe ɗaya na bakinsa, ya ɗauki lokaci kafin ya isa ɗaya gefen. "Malam. Ko dai?"

Malam Birki yana da halaye da yawa da ake kuka da su, amma ƙarya ba ta ciki. Ya gyara hula ya ce, "Ni mota nake koyarwa."

Benci ya kusa karyewa don dariya. Gaskiyar ita ce, a gidansu keke ɗaya ne, na Yaya, kuma Yaya bai yarda ko ƙararrawar a taɓa ba. Kafin ƙanen ya kai munzalin sayen nasa, ya riga ya hau mota mai tayoyi da yawa, ya tsallake masu biyu bai sani ba. Daga baya kuma girma ya zo, gemu ya yi fari, ba wurin da dattijo zai je ya faɗi a asirce.

Mai makarantar, wanda ya rubuta Darakta a ƙofar ofishinsa da fenti, ya ji kome ta taga. Ya daɗe yana neman hanyar da zai bi ya kori keken nan. An buɗe wata makarantar a tsallaken titi, inda ba a tambayar kowa ya yi gumi, kuma ɗalibai sun fara gane hanyar tsallakawa. Ya kira Malam Birki ciki, ya tura ƙofa, ya kashe rediyo.

"Malam, ka san ina ganin girmanka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Amma ka mai da mu abin dariya. Kafin la'asar labarin nan ya zaga kasuwa. Dakta ba ya sayar da ko maganin tari sai ya haɗa da labari."

"Darasin gaskiya ne, ko na iya ko ban iya ba."

"To ka iya mana! Ga ƙarshen wata nan. Ka hau a gabana, ka je shatale-tale ka dawo, kamar yadda kake sa bayin Allah. In ka yi, darasi ya zauna, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba ka yi ba, keke ya koma inda ya fito."

"In keke ya fita, ranka ya daɗe, ni ma na fita."

Darakta ya dubi ƙofar ya ce, "Za ta ishe ku ku biyu."

A ranar Malam Birki ya tura keken har gida. Matarsa malamar firamare ce, ta kusa ajiye aiki, ƙananan yara sun koya mata haƙuri, sun kuma ƙarar mata da shi. Tana tsakar gida tana shanya lokacin da ya shigo. Ya jingine keken a jikin tankin ruwa, ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Malama, akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Ba ka iya keke ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Ranar da muka ɗauko shi daga wurin mai gyara, ka ce turawa ta fi lafiya ga sabuwar taya. Muka taka har makarantarku a ƙasa, ni da takalmin biki."

"Kuma ba ki ce kome ba?"

"Baban yara, in duk abin da na sani zan faɗa, yaushe zan yi girki?"

Ita cikin maza ta tashi, da keke ta yi makaranta. Ta saurari sharaɗin Darakta har ƙarshe, ta matse zanen da ke hannunta ta ce makarantarsu na hutu, filin ƙwallo ba kowa da sassafe sai awaki, su kuma ba su da kemis.

Suka fara. Ita ta riƙe sirdi ta baya, shi ya riƙe kan keken kamar wanda zai ƙwace shi daga hannun ɓarawo. Nan aka gano inda matsalar take. Ba nauyi ba ne, ba shekaru ba ne, ba ma tsoro ba. Da keke ya fara motsi sai yatsunsa su damƙe birki. Keke ya tsaya, shi ya wuce. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gaya wa mutane cewa duk abin da ya rikice a rage gudu, yau ya haɗu da abin hawan da in an rage gudu yake kayar da mutum.

"Saki birkin!"

"Na saki."

"Ina ganin yatsunka. Taka! Ido a gaba! Me kake kallo a ƙasa, tayar za ta gudu ta bar ka ne?"

Muryar tasa ce, kalmomin nasa ne, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Bai san ta haddace ba. Ya faɗi ta dama, ya faɗi ta hagu, ya faɗa cikin shingen furanni na ofishin hedimasta. Yakan tashi ya karkaɗe wando, ya ɗaga keken, ya ce, "Mu sake." Gwiwa ta kumbura, Malama ta gasa da ruwan zafi, washegari ya riga ta tashi. Daga filin zai wuce makaranta, ya zauna a kujerar gefe yana cije baki, ɗalibai suna satar kallon gwiwar hannunsa mai filasta. Dakta kuwa kullum da safe sai ya ce, "Malam, ya jiki? Akwai man zafi mai kyau a wurina."

Wata safiya Malama ta saki sirdin ba ta gaya masa ba. Ya yi nisa shi kaɗai, yana ta ba ta umarnin ta riƙe da kyau. A duk faɗin filin nan abu ɗaya ne a tsaye, sandar tuta. Ita ya je ya runguma. Malama ta iso ta same shi a zaune a ƙasa, hula a gefe, taya na juyawa a sama.

"Wallahi ban gan..." Ya kama bakinsa. Ya makara.

Ta tsaya a kansa, hannu a baya, ta gyaɗa kai. "Ba ka gan ta ba, ko ba ka duba ba?"

Ya ɗauki hularsa, ya ɗaga keken, ya tura shi har gida.

Yaya ya ji labari, ya shiga bas ya zo musamman. Ya zauna a kan bencin 'yan kallo da kafaɗarsa a karkace, ya yi dariya har da hawaye. "Kai ne kake kuka a kan ƙararrawa, ka tuna? Da na sani da na bar ka ka karye tun ƙashi na ɗanye." Da ya gama, sai ya taso ya ɗaga yatsun ƙanensa daga kan birki ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a jikin robar kan keken. "Tafiyar ce ke riƙe ka, ba ƙasa ba. In ka ji za ka faɗi, ƙara takawa."

"Yaya, wannan ai hauka ne."

"Hauka ne mana. Shi ya sa na bari."

Ya ƙara takawa. Kafin wata ya ƙare yana zaga filin, yana kauce wa awaki, wani lokacin ma da gangan. Abu biyu ne suka ƙi. Ba ya iya sakin hannu ɗaya ya nuna inda zai juya, kuma ba ya iya waiwaye. Da ya juya wuya sai keken ya bi wuyan. Ya tuna masu keke nawa ya yi wa tsaki a ransa don ba su ɗaga hannu ba. Bai gaya wa kowa ba, amma ya ƙara abin a cikin darasi: in mai keke bai nuna maka inda za shi ba, wataƙila hannun yana da aikin da ya fi.

Ranar ta zo. Da hantsi, lokacin da titin kasuwa ya fi cika, domin Darakta ya ce a lokacin ake tura ɗalibai. Titin miƙaƙƙe ne, daga ƙofar makaranta ana hango shatale-tale. Darakta ya hau benci don ya gani da kyau. Dakta ya rufe kemis ya zo. Malama ta tsaya a gefe da jakarta, ta ce wucewa take yi. Har malaman makarantar tsallaken titi sun fito ƙofa.

Malam Birki ya cusa ƙafar wando a cikin safa, ya danna hula, ya yi bismillah, ya taka.

Fili daban, titi daban. Gefen kwaltar da yake gani daga mota kamar shimfiɗa, ashe yashi ne da tsakuwa da ɓawon lemo da murfin kwalbati da ya zauna a karkace. Bas ta wuce shi har ya ji ɗumin injinta a cinya. Tirela ta zo, iskarta ta ture shi, sannan ta jawo shi, kamar mai shawara. Yatsunsa suka tashi za su damƙe birki, ya ce musu ku zauna, ya ƙara takawa. Ya ga wata mota a tsaye da kan mutum a ciki, ya ba ta wuri tun daga nesa, ƙofar kuwa ta buɗe kamar an aiko ta, ya wuce da ɗan abin da ya rage. Wani mai babur ya danna masa hon a kunne ya ce, "Baba, ka koma gida ka huta!" Ba shi da numfashin amsawa.

Shatale-talen ya shiga da ƙarfin hali. Fita ce ta gagara, tunda ba hannun da zai ɗaga. Ya zaga, ya ga hanyarsa ta wuce. Ya sake zagawa, ya gaisa da mai lemon da ya gani ɗazu. Daga kan benci Darakta ya ce, "Me yake yi?" Malama ta ce, "Ƙari yake ba ka." A wani zagayen dai ya ga sarari, ya rufe baki, ya faɗa ciki, ya fito a kan hanyar dawowa.

Dawowar hawa ce, ba mai tsanani ba, irin wadda mai mota bai ma san da ita ba. A tsakiya kuma akwai inda masu gini suka zube yashi ya cinye rabin titi, wurin ya matse, mota ɗaya kawai ke iya wucewa. Ƙafafunsa sun yi nauyi, keken na tangaɗi. Dole ya fito tsakiyar hanya. A nan ya ji mota a bayansa.

Bai iya waiwayawa ba, amma ya ji tayoyinta suna taka tsakuwa. Ya ɗaure kafaɗu yana jiran hon. Hon bai zo ba. Ya jira a taka totur a tsorata shi, a matse shi jikin yashi. Shiru. Motar ta tsaya a inda take, ba ta matso ba, tana biye da shi da irin tafiyarsa. Motocin da ke can baya sun fara ihu, ita ko gezau. Har ya ji wata murya daga wajenta tana cewa, "A hankali, a hankali! Mu je, mu je, saura kaɗan!"

Wannan ba tuƙin kowa ba ne. Wannan tazarar tasa ce, wannan haƙurin nasa ne, ya san su kamar yadda mutum ke sanin tafiyar ɗansa daga nesa. Ɗalibinsa ne. Ko wane ne, ko a wace shekara ya zauna a kujerar nan ya sha faɗa, yau ga shi ya ga dattijo a kan keke, ya gan shi sosai, ya ɗaga ƙafa. Malam Birki ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya miƙe baya, ya taka, ya wuce yashin, ya wuce mai faci, ya wuce bishiyar da Dakta ya nuna masa rannan. A ƙofar makaranta ya damƙe birki da hannu biyu, da izini wannan karon, ya sauka da ƙafafunsa.

Ɗalibai suka yi tafi. Dakta ya zo ya riƙe masa keken, ya ce, "Malam, na janye. Amma sirdin a karkace yake."

"A karkace yake," in ji Malam Birki.

Darakta ya sauko daga benci. Mutum ne mai son ɗalibai su yi yawa, amma ba ya cin maganarsa a gaban jama'a. "Darasi ya zauna," ya ce. "A mayar da keke rumfa. A kuma gyara sirdin."

Malam Birki bai zauna ba, bai karɓi ruwan da aka miƙo masa ba. Ya juya wa titi baya, ya fuskanci benci, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ɗaga yatsa.

"Kun ga motar da ta biyo ni a wurin yashi? Kun ji ta yi hon? Kun ga ta matse ni? Wannan shi ne tuƙi. Ban ga fuskarsa ba, amma na rantse daga rumfar nan ya fita. Mutum ɗaya irin wannan a titi ya ishe ni. Ko yau na mutu, ban yi aikin banza ba."

Ɗalibai suka dubi titi ta bayan kafaɗarsa, suka dubi juna. Dakta ya buɗe baki. Malama ta dube shi irin kallon da take yi wa 'yan aji ɗaya, ya rufe.

Motar ta iso ƙofar makarantar a lokacin, ta wuce a hankali ta nufi gidan mai. Turo ta ake yi.